Saye ne ko aro? Tambaya a kan littafin da ba ya da jiki

A Madawa, ko Buza, ko Keita, duk inda aka ga dattawa sun duƙa a inuwa bayan la'asar sun tona gurabe talatin a ƙasa, an san dara ake yi. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa goma sha biyu, wannan na tsinke, wancan na tsakuwa, wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya daga na abokinsa. Babu wanda ya taɓa sayen waɗannan dokoki. Yaro yakan tsince su ne yana tsugune a bayan manya, kuma da zarar sun shiga kansa babu mai iya ƙwace su.

Akwai kuwa wani wasa da ya fito daga Amurka wanda sai da littafi ake yin sa. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa dokokin Dungeons & Dragons. Mutane huɗu ko biyar ne sukan zauna, ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani, wannan jarumi, wancan boka, a riƙa jefa ɗan ludo don a ga ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. Wanda ya san wasan kara na Damagaram, inda talaka yakan zama gwamna na ɗan lokaci, ba zai ga baƙon abu ba. Sai dai dokokin nan sun cika manyan littattafai, waɗanda da wuya a gan su a kasuwar Tawa. Malamin makarantar da ya so ya gwada wasan da ɗalibansa, hanyarsa mafi kusa ita ce ya saye su ta intanet, su sauka cikin wayarsa.

To, me ya saya ke nan? A watan Afrilu na 2009 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya dakatar da sayar da littattafansa na na'ura, bisa hujjar cewa ana kwafar su ana rarrabawa. Waɗanda suka riga suka biya suka rasa damar sake sauke abin da suka saya, kuma ba a koma sayarwar ba sai a 2013. Cikin 2009 ɗin ne kuma Amazon ya shiga na'urorin Kindle na jama'a ya goge wasu littattafan George Orwell, ya mayar musu da kuɗinsu.

Manomin albasa na kwarin Tarka zai gane wannan al'amari tun kafin a gama yi masa bayani. A wurinsa gonar gado daban, ta saye daban, ta aro daban, ta jingina daban, kuma yawancin rigimar gona daga ruɗa waɗannan sunaye take tasowa: uba ya karɓi aro, ɗa ya tashi yana ganin gado ne. Don haka ne hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa suke rubuta kowane ciniki da sunansa. Abin da mai shi yake iya janyewa ran da ya ga dama aro ne, ko da an biya kuɗi. Aro ba aibi ba ne. Aibin shi ne a rubuta “saya” a kan maɓallin da mutum zai latsa, sa'an nan a ɓoye sharaɗin cikin dogon rubutun da ba mai karantawa.

Amma mai saye ma da sauran magana a kansa, kuma tasa ta fi wuyar warwarewa. Littafin takarda in an ba da aronsa, ya bar hannun mai shi har sai ya dawo, in ma ya dawo. Na waya kuwa, in an tura wa aboki, ya zama biyu, gobe ya zama ɗari, ba tare da wani ya ji ya rasa kome ba. Marubutan labaran Hausa da suke sayar da littattafansu ta WhatsApp sun daɗe suna kuka da wannan. Shi ya sa kantin DriveThruRPG yakan buga sunan mai saye a ƙasan shafukan littattafai da yawa, kamar yadda makiyayi yake yi wa dabbarsa shaida. Malamin da yake da ɗalibai masu yawa da albashi kaɗan zai ce ilimi ba a rowarsa, kuma yana da gaskiya. Sai dai ya haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Dokar wasa, kamar ta dara, ta wanda ya iya ce. Ko a shari'ar Amurka haƙƙin marubuci bai hau kanta ba. Abin da yake da mai shi shi ne jimlolin da wani ya kwana yana tsarawa, da zane-zanen da wani ya ɓata watanni a kansu. Malam ya karanta, ya koyar da baki, ya rubuta da kalmominsa, bai ci haƙƙin kowa ba. In ya tura littafin sukutum, to ya yi kyauta ne da gumin wani, ko da nufinsa alheri ne.

Kamfanin ma ya taɓa ɗanɗana iyakar ikonsa. A Janairun 2023 ya yi yunƙurin sauya izinin da ya bai wa jama'a tun 2000 na yin amfani da dokokin, ƴan wasa suka yi masa caa, ya ja da baya, har ya saki ginshiƙan dokokin ƙarƙashin izinin Creative Commons, wanda ba a janyewa. Saboda haka wata ƙungiyar al'adu ta Buza ko Keita tana iya juya su zuwa Hausa, ta buga, ta raba, muddin ta ambaci inda ta samo su. Aikin da zai sha mata kai shi ne na halittun da ke cikin wasan: wanne za a kira dodo, wanne aljani, kuma a wane gurbi za a sa Gizo, wanda bai taɓa yarda ya bi dokar kowa ba.