Gidan Gaba: Na Mai Kuɗi Ne Ko Na Mai Lalura?



Kowa ya san gidan gaba a mota. Babu matsi, babu ƙura, babu buhun gero bisa ƙafarka. Shi ya sa kuɗinsa ya fi na baya.

Wata rana ina tashar Cadawa, za ni Maradi. Wata tsohuwa ta zo da jikarta mai tsohon ciki, za su likita. Suka yi ciniki da ɗan kamasho, suka biya, yarinya ta zauna gaba. Can sai ga wani ɗan kasuwa. Ya ce zai ƙara dala ɗari bisa abin da suka bayar. Ɗan kamasho ya dubi tsohuwa ya ce: "Inna, ku yi haƙuri ku koma baya, Alhaji ya fi ku hannu." Suka koma. Muka yi shiru duka, har da ni. Shirun nan yana damuna har yau.

Ba mu kaɗai ke wannan ciniki ba. A Turai da Amurka akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Jirgi guda yana ɗaukar mutum dubbai. Wasu ɗakuna suna can ciki, ba taga. Wasu suna sama, suna kallon teku. In an kusa tashi, kamfani yakan yi gwanjon ɗakuna masu kyau da suka rage. Kowa ya faɗi abin da zai ƙara, kamfani ya zaɓi tayin da ya yi masa.

To, laifi ne? Wani zai ce a'a. Mai mota yana sayen mai, yana gyaran taya, yana ciyar da iyali. Wanda ya ƙara kuɗi bai yi sata ba. Wannan magana gaskiya ce. In wurin ba kowa, kuma daɗi kawai ake nema, a sayar wa wanda ya fi biya.

Amma akwai iyaka biyu. Ta farko: ɗakin da ake gwanjo a jirgi, ɗaki ne da ba a sayar wa kowa ba. A tasharmu kuwa an riga an gama ciniki. Malamai sun koya mana cewa ba a ciniki bisa cinikin ɗan'uwa.

Ta biyu: daɗi daban, lalura daban. Ku ji labarin jirgin Titanic. A shekarar 1912 ya tashi daga Ingila zuwa Amurka da mutum fiye da 2,200. Ya ci karo da dutsen ƙanƙara, ya nutse. Kwale-kwalen ceto 20 ne kawai, ba su isa kowa ba. Mutum wajen 1,500 suka mutu. Cikin masu ɗakunan sama, kusan 6 cikin 10 suka tsira. Cikin na ƙasa, 1 cikin 4. A 1914 ƙasashe suka taru a Landan, suka yarda cewa jirgi ya tanadi wurin ceto ga kowa. Ɗaki mai taga na sayarwa ne, wurin tsira kuwa ba a sa masa farashi.

Ga Alhaji, gidan gaba daɗi ne. Ga yarinyar nan, lafiyarta ce da ta abin da ke cikinta. Dala ɗari ba ta auna wannan.

Da na ce: "Alhaji, don Allah ka bar wa ƴarka," mai yiwuwa da ya bari. Kunya tana aiki in an tashe ta. Ban tashe ta ba.

Ku tattauna wannan a ajinku na yaƙi da jahilci. In kai ne ɗan kamasho, me za ka yi? In kai ne ke zaune baya kana kallo fa?