Mai Gida Da Ɗan Haya A Kwanakin Tsoro

Ga wata tambaya da ta isa mu zauna a kanta. Idan mutum ya gina ɗakuna da guminsa domin ya ba da haya, sa'an nan masifa ta koro mutane zuwa ƙofarsa, daidai ne ya ƙara kuɗi gwargwadon yawan masu nema?

A ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, tambayar nan ta taɓa gidaje da yawa. Dajin Kamuku ya haɗe da na Kuyambana ta wajen Zamfara, a ciki kuwa 'yan bindiga suka yi zango shekara da shekaru. A watan Oktoba na 2012 aka kashe mutum wajen 20 a Dogon Dawa. A watan Mayu na 2018 aka kashe fiye da 40 a Gwaska. Waɗansu manoma sai da suka biya 'yan daji kuɗi kafin a bar su su taka gonakinsu. Da abin ya yi tsanani, mutanen ƙauyuka suka bar rumbunansu suka gudo cikin gari, kowa da mata da yara, yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Inda masu nema suka yi yawa, ɗakuna suka yi kaɗan, kowa ya san abin da ke faruwa da kuɗin haya.

Bari mu fara jin ta bakin mai gida, gama yana da magana. Ya sayi fili, ya buga bulo, ya sayi siminti da kwano da katako. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, komai ya ƙara tsada. Wani mai gidan ma ba attajiri ba ne. Gwauruwa ce mai ɗaki biyu, da kuɗin hayarsu ta ke biyan makarantar 'ya'yanta. Wanda ya ce mata ta ba da ɗaki kyauta, ya fara ba da nasa tukuna. Haya sana'a ce ta halal, wanda ya zuba dukiyarsa kuwa ya cancanci riba.

Amma fa a duba da kyau daga ina ƙarin ya fito. Idan mai gida ya ƙara kuɗi domin ya sake rufi, ko ya haƙa rijiya, ko siminti ya tashi, ƙarin nan ladan aikinsa ne. Idan kuwa ɗakin yana nan yadda ya ke bara, da tsagaggen bangonsa da yoyonsa, kuɗinsa kuma ya ninka, to, me mai gida ya sayar? Bai ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Tsoron mutumin ne ya sayar masa. Mai tsoro ba ya ciniki, gama ba shi da ikon cewa albarka ya tafi. Ɗan kasuwa ya kan ce farashi yarda ce tsakanin mutum biyu. Wace irin yarda ce ta wanda ya kwana a tasha da jarirai? A ganina manomin nan ya biya sau biyu ke nan: ya biya mai bindiga a daji, ya zo ya biya mai makulli a gari.

Abin nan ba sabo ba ne. A cikin Nehemiya sura 5 an ba da labarin yadda talakawa suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi a lokacin yunwa, masu karɓa kuwa 'yan'uwansu ne na jini. Nehemiya ya tara manyan, ya tsauta musu, ya sa suka mayar.

Akwai kuma al'adar neman kuɗin shekara guda tun kafin a shiga, ga la'adar dillali a kai. Ma'aikaci mai albashi yana iya ƙoƙartawa. Manomi kuwa sau ɗaya ya kan ga kuɗi, watau da kaka, wanda aka raba da gonarsa ma ba shi da kakar. Mai gida zai iya karɓa wata-wata ba tare da ya yi hasarar ko kobo ba. Ya kamata kuma ya tuna, mutum goma a ɗakin mutum uku suna bukatar shadda mai kyau da ruwa mai tsabta, in ba haka ba damina ta zo da amai da gudawa, cuta kuwa ba ta tambayar wane ne mai gida.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan daji, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe, waɗansu kuma suka fara komawa gona. Ɗan haya da zai koma ƙauye da bashin wata uku a kansa, kada a riƙe masa tabarma da tukunya da fartanya, gama da fartanyar nan zai biya. A kira shaidu biyu, a rubuta bashin a takarda, a ba shi har masara ta bushe. In ya kawo buhu maimakon kuɗi, a auna a farashin kasuwar ranar, a mayar masa da abin da ya ragu.