Zif ɗin da mai jaka bai san lambarsa ba

Telan da ke ɗinkin jakar tamfol a Ƙaura Namoda ko Zurmi, irin wadda 'yan kasuwa ke ɗaurewa a bayan babur zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, yana da zaɓi uku a gabansa: zif na ƙarfe, na roba mai manyan haƙora, da na lailon mai sirirai a murɗe. Kowanne da lambarsa, 3 ko 5 ko 8 ko 10, wato kimanin faɗin haƙoran a milimita idan an zuge. Mai jaka bai san wannan ba. Launi zai duba, ya ja kan zif sau biyu, ya biya. To idan tela ya sa lamba 3 a inda ya san sai 8 za ta jure, bai yi ƙarya ba, bai kuma ce uffan ba, shin halal ya ci?

A ganina arahar zif ɗin ba laifi ba ce, shirun ne abin tuhuma. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji damshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. A lura, mutumin bai furta ƙarya ba, jera kayansa kawai ya yi. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar nan ke karantawa a zaure, ta sa ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da mai kyau cikin abin da ciniki bai yarda da shi ba. Zif ma ya fi wancan abincin ɓuya, don hannu ba ya gano rauninsa ranar saye. Sai ƙurar hunturu ta shiga tsakanin haƙora ta cinye cikin kan zif, ya fara buɗewa ta baya ana zugewa, a tsakiyar hanya.

Wani zai ce aibi shi ne abin da ke jikin kaya lokacin ciniki, zif ɗin kuwa lafiya lau yake aiki. Amma ana auna lafiyar kaya ne da aikin da aka saye shi dominsa, kuma wanda ya kawo ɗinki ya riga ya faɗi inda jakar za ta. Lamba 3 ba ta da aibi a aljihun riga. A bakin jakar da ake danna wa kaya da gwiwa, aibi ce tun ranar farko. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci: masu kawo ɗinki suna taya farashi har sai riba ta ƙare, wanda ya dage kan zif mai tsada kuwa maƙwabcinsa zai kwashe masa ciniki. Gaskiya ne, kuma talaka yana da 'yancin sayen mai araha. Sai dai 'yancin nasa ne, ba na tela ba ne ya yanke masa a ɓoye. "Alhaji, wannan kuɗin ƙarami zai saya, ba zai daɗe ba, ka ƙara kaɗan in sa babba" magana ce da ba ta cin ko kwabo. Akwai kuma mai cewa tela ma cutarsa ake yi, domin kasuwa cike take da jabu masu tambarin YKK, kamfanin Japan da aka kafa a 1934. Wannan uzuri ne a kan abin da bai sani ba, yana kuma ƙarewa ranar da jakunkuna suka fara dawowa gyara.

Kada a ɗauka mafi tsada shi ne mafi tsoron Allah. Na ƙarfe yana cijewa idan damina ta jiƙa shi, na roba yana jure yashi amma haƙori ɗaya ya karye sai a farke duka, na lailon kuwa shi ke bin lanƙwasa, kuma idan kansa ya saki ana matse shi da filaya ko a sauya shi kaɗai. Sanin wannan yana cikin haƙƙin da mai jaka ya biya kuɗinsa. Zamfara ta ayyana Shari'a a 1999, kuma ɗan Hisba zai iya duba mudu da sikeli a kasuwa, amma ba ya wurin lokacin da aka ce wa tela jakar bayan babur ce.