Hoto Ko Rai: Wa Ke Da Alhaki?

Albert Lamorisse mutumin Faransa ne, gwanin ɗaukar hoton sinima. An haife shi a Faris cikin 1922. A 1956 ya yi wani gajeren fim a kan yaro da jan balan-balan, wanda ya sami lambar girma a Faransa da Amurka. Shi ne kuma ya ƙago wata dabara ta ɗaure na'urar hoto a jirgin sama mai saukar ungulu, domin hoto ya fita ba rawa.

Saboda wannan gwaninta gwamnatin Iran ta kira shi ya ɗauki hoton ƙasarsu daga sama. Ya yi aikin, ya nuna duwatsu da hamada da tsofaffin birane. Amma hukumar Sarki Muhammad Reza Pahlavi ba ta gamsu ba. Tana so duniya ta ga sababbin ayyuka, wato masana'antu da madatsun ruwa. Sai Lamorisse ya koma. Ran 2 ga Yuni 1970 yana ɗaukar hoton madatsar ruwan Karaj, wadda aka buɗe a 1961 domin ba birnin Tehran ruwa da lantarki, sai jirgin ya sarƙe da wayoyi, ya faɗa cikin ruwa. Nan ya rasu, yana da shekara 48.

To, ya mai karatu, alhakin wannan rai yana wuyan wa?

Wani zai ce, ai kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ba mai wuce ranarsa. Amma wayoyin nan mutane ne suka ja su, mutane ne kuma suka shirya tafiyar. Matuƙan jirgin sama sun san waya mugun tarko ce, gama siririya ce, ba ta ganuwa sosai daga sama sai an zo dab da ita. Wanda ya san rami yana gaba, ba daidai ba ne ya tura mutum sa'an nan ya ce ƙaddara ce.

Wani kuma zai ce, laifin mai hoton ne, don me bai ƙi ba? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gwani kuwa shi ya fi kowa sanin haɗarin sana'arsa. Idan ya yi shiru domin kunya ko domin kuɗi, ya ɓoye abin da aka ɗauke shi aiki dominsa, wato saninsa. Ba ransa kaɗai ya sa a tarko ba, har da na matuƙi da abokan aiki. Hausawa suna cewa bin na gaba bin Allah ne, amma biyayya ba ta hana mutum ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan hanya ba ta ɓullewa."

Duk da haka nauyin mai umarni ya fi girma. Ƙin maganar babba abu ne mai wuya, babban ma ya san haka. Saboda haka wajibi ne ya tambaya tun ba a gaya masa ba: wannan abin da nake so, me zai ci wa wanda zai yi shi? Ba laifi ba ne ƙasa ta so nuna ayyukanta. Laifin yana shigowa sa'ad da son yabo ya sa mutum ya daina lissafin ran ma'aikaci.

Matar Lamorisse da ɗansa Pascal suka ƙarasa fim ɗin bisa ga rubuce-rubucen da ya bari, aka fitar da shi a 1978. A Janairu 1979 Sarkin ya bar Iran, bai sake komowa ba. Girman da ake nema bai daɗe ba, ran da aka rasa kuwa bai dawo ba.

Kaɗan ne cikinmu za su aiki jirgin sama. Amma da yawa muna aiken yaro, ko lebura, ko mai haƙar rijiya, ko direban da bai yi barci ba. Kafin ka ce "je ka," tambayi kanka ko za ka aiki ɗan cikinka wurin. In ba za ka aike shi ba, kada ka aiki ɗan wani.