Ladan Mai Kwafi

Kakana da alƙalamin kara da tawada yake rubuta Alƙur'ani, kuma almajiransa kan gane hannunsa daga yadda yake jan wutsiyar nun. Ni jikansa, daren jiya na buɗe baƙin allon kwamfuta, na rubuta umarnin kwafi na scp, da sunan fayil, da adireshin wata na'ura da ke Zariya. Kafin shayina ya huce, hotunan rubutunsa duka sun isa.

Sai na sa umarnin sha256sum nan da can don tantance kwafin. Haruffa da lambobi 64 suka fito iri ɗaya, ko ɗigo bai sauya ba. Tabbacin da kaka kan kwana yana bita kafin ya samu, ni na same shi nan take.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Shi da alwala yake zama, kowane harafi sai ya bi ta bakinsa kafin ya sauka a takarda. Ni ko aya ɗaya ban karanta ba. Ina da rabo a irin ladansa? Malamai sun ce lada na bin niyya, na kuma yarda. Duk da haka, da na rufe kwamfutar, sai na yi alwala, na ɗauko shafin Fatiha na hannunsa, na karanta a bayyane.