Sa'ad da Tsohuwa Ta Bar Shan Magani, Laifin Wa?

Karatu: Markus 7:9-13, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Akwai ciwo mai zuwa ya wuce, kamar zazzaɓi. Akwai kuma mai zuwa ya zauna, kamar hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda. Irin wannan sai a yi ta lallaɓa shi kowace rana da magani da abincin da ya dace, har ƙarshen rai, tsofaffi kuwa ya fi kamawa. To, ga tambayarmu ta yau: idan tsohuwa ta daina sayen maganinta domin jikokinta su ci tuwo, ta yi daidai ko ta yi laifi? In akwai laifi, a wuyan wa yake?

Bari mu dubi Gomari, unguwar da ke yammacin Maiduguri wajen filin jirgin sama. A shekarar 2014 Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, mutane dubbai suka kwararo Maiduguri. Yawancinsu gidajen dangi da ɗakunan haya suka shiga, a unguwanni irin wannan. A cikinsu akwai tsofaffi waɗanda suka bar gonakinsu, aka kashe 'ya'yansu, aka bar musu marayu. Wadda ta isa a riƙe ta, ita ke riƙon waɗansu.

Ku ƙaddara tsofaffi biyu masu ciwo iri ɗaya. Na fari yana karɓar fansho, yana jin Hausa, 'yarsa tana kai shi asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, tana karanta masa abin da likita ya rubuta. Ta biyu gwauruwa ce daga duwatsun Gwoza, Glavda ta fi ji, ba ta karatu, ba ta da mai raka ta. Da kanta ya daina ciwo sai ta ajiye ƙwayar, gama ba wanda ya faɗa mata hawan jini yakan ci mutum shiru, har ran da ɓarin jiki zai shanye. Ciwonsu ɗaya, amma ƙarshensu dabam, bambancin kuwa mutanen da ke kewaye da su ne.

Zamani ma ya ƙara nauyi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fitowa. Bayan an janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin magani da na mota suka hau. Allurar insulin takan lalace da zafi, ga shi a watan Afrilu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40. Sa'ad da aka yanke wa birnin lantarki a 2021, mai ciwon sukari ya rasa inda zai sanyaya ta in ba gindin randa ba. A Satumbar 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa inda ake wankin ƙoda.

Mukan yabi irin wannan tsohuwa, mu ce mahaƙurci mawadaci. Hakika abin da ta yi ƙauna ce. Duk da haka ranta amana ce a hannunta, ran da ta faɗi kuwa marayun sun zama marayu sau biyu. Saboda haka bai kamata ta ɓoye ciwonta don kunya ba.

Amma mu binciki yabon namu. Ubangiji Yesu ya tsauta wa waɗanda suka koya wa mutum ya kira dukiyarsa keɓaɓɓiya ga Allah domin ya hana iyayensa. Mu ma muna iya fakewa da magana mai kyau. Idan muna yabon haƙurin tsohuwa domin ya rage mana kashe kuɗi, laifinmu ɗaya da nasu.

Wani zai ce, ɗan da ba shi da ko sisi fa? Gaskiya ne, ba a tambayar mutum abin da ba shi da shi. A nan ne nawayar take komawa kan jama'a. A Urushalima gwauraye masu jin Helenanci ne aka manta da su wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu aikin. Ciwo na kullum yana bukatar taimako na kullum, da wanda aka ɗora wa alhakinsa da suna: mai rakiya asibiti, mai fassara, mai tuna wa tsohuwa lokacin magani, ko Kirista ce ko Musulma.

Amsarmu ke nan, 'yan'uwa: babban laifin yana wuyan waɗanda suka gani, suka bar ta ta zaɓa tsakanin tuwo da magani.

Tambayoyi
1. Tsofaffi nawa ne a unguwarku suke riƙon jikoki su kaɗai? Kun san sunayensu?
2. Yaya za a gane haƙuri na gaskiya da shirun wanda ya rasa mai jin kukansa?
3. Wa za ku ɗora wa wannan aiki kafin taro mai zuwa?