Ziyarar Kufan Rumawa: Wa'azi Ne Ko Shagala?

 

Wani ɗan'uwa daga Hunkuyi ya aiko da tambaya, wai shin ya halatta Musulmi, in tafiya ta kai shi ƙasar waje, ya ɓata lokaci da dukiya wajen kallon kufan Rumawa, ya kuma zauna shan iska a bakin teku? Tambayar tana da nauyi, domin akwai hujja ta kowane gefe.

Hujjar masu cewa a je ita ce, Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umurni a wurare da yawa cikin Alƙur'ani a yi tafiya a bayan ƙasa. A aya ta 9 ta Suratur Rum, wadda sunan Rumawan ma take ɗauke da shi, an zargi waɗanda ba su yi tafiya sun ga ƙarshen mutanen da suka gabace su ba, alhali waɗancan sun fi su ƙarfi da noma da gine-gine.

Masu hanawa kuwa suna kafa hujja da abin da ya faru a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya iso Hijir, mazaunin Samudawa, sai ya hana sahabbai shiga gidajen sai dai suna kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

To, ina mafita? In mun lura, hanin ya faɗa ne a kan wurin da nassi ya tabbatar azaba ta sauka, kuma ko a can an bar ƙofa ga mai shiga da tsoron Allah. Sahabban da suka buɗe Masar da Tarabulus a ƙarƙashin Amru ɗan Asi sun tarar da gine-ginen mutanen da, suka zauna kusa da su. Ashe abin dubawa shi ne zuciyar da mutum ya shiga da ita.

Ɗauki misalin Labda, wadda Turawa ke kira Leptis Magna, a bakin Bahar Rum, gabas da Tarabulus, birnin da fataken Kano suka san hanyarsa ta Gat da Gadamas. A nan aka haifi Septimius Severus, wanda ya yi sarautar Rum daga shekara ta 193 zuwa 211 Miladiyya. Ya ƙawata garinsu da ginshiƙan dutse da faffaɗan dandali, ya faɗaɗa tashar jiragen ruwa, amma ajali ya same shi can a York ta ƙasar Ingila. Tashar ta cike da laka, rairayi ya binne birnin ɗaruruwan shekaru, sai a ƙarni na 20 Italiyawa suka tono shi. Mutum biyu za su tsaya a gaban ginshiƙi ɗaya. Na farko ya ɗauki hoto domin a san ya je. Na biyu ya tambayi kansa, ina mai ginin, ina bayin da suka ɗauko dutsen, ina kuma taron da ke sowa a filin da ake haɗa mutum da namun daji? Shi wannan na biyun ya koma gida da riba.

Bakin teku ma haka ne. Teku aya ce daga ayoyin Allah, kallonta ba laifi. Amma in wurin ya zama mahaɗar tsiraici, ko ya sa aka bar salla ta wuce, to, mai hankali sai ya nemi wani lokaci ko wani gefe. Runtse ido bai faɗi a kan matafiyi ba, kuma sassaucin da shari'a ta yi masa ƙasaru ne da haɗa salloli.

Saura maganar dukiya. Manomin Kudan ko Makarfi da ya sayar da rakensa, ko na Ikara da ya sayar da tumatirinsa, in akwai bashi a wuyansa, ko rumbunsa ba zai kai iyali kaka ba, haƙƙin nan shi ne gaba da yawon buɗe ido. Wanda Allah Ya hore wa kuwa, tafiya mabuɗin ilmi ce.

Kuma jama'a, wanda bai sami kuɗin jirgi ba bai rasa wa'azin ba. Ga kufan Turunku, ga gindin dutsen Kufena, ga abin da ya rage na ganuwar Zariya, duk a ƙasar Zazzau, kuɗin mota kaɗai suke nema. Waɗanda suka gina su ma sun yi zaton sun kafu. Mai wucewa ta gefensu kullum bai taɓa tuna kabarinsa ba, da wuya dutsen Rumawa ya tunasar da shi.

Allah Ya sa mu zama masu gani su wa'aztu, Ya kyautata ƙarshenmu, amin.